Tambayoyin masu raba intanet ta iska: rediyo ya mutu, layi na jan ƙafa, netwok ya tsaya cak

Tambaya: Salam malam, ina raba wa mutane intanet ta iska, kwastomomina sun kai 40. Duk sanda akayi ruwa da tsawa sai na rasa rediyo (na'urar da ke tura intanet ta iska) ɗaya ko biyu, yanzu haka akwai LiteBeam, wato rediyon kamfanin Ubiquiti, huɗu a kwali. Ana gyarawa ko dai in haƙura?

Amsa: Wa alaikumus salam. Ɗan'uwa kar kayi saurin yi musu jana'iza. Ɗauko ɗaya ka ajiye kan tebur, ka samu gajeren kebul sabo da adaftar PoE (mai tura wuta ta cikin kebul ɗin intanet) wadda ka tabbata lafiyarta lau, ka jona ka gani tukuna. Zakayi mamakin yadda wasu zasu tashi kamar ba abinda ya samesu, domin sau da yawa rediyon ƙalau yake, kebul ne ya sha ruwa. Zare kan kebul ɗin da ke sama ka duba haƙoran nan takwas, in kaga sunyi kore ko baƙi toh ka kama ɓarawo. Mutane na jan kebul na cikin ɗaki su hau da shi dogon ƙarfen da ake ɗaura rediyo, rana ta fasa fatarsa, ruwa ya bi ta ciki yana gangarowa har cikin adafta. Shi yasa ake lanƙwasa kebul yayi ciki ƙasa kafin ya shiga gini, ruwan ya ɗige a nan.

In fitila ta kama amma kwamfuta bata ganinsa, ko kuma layin da ya saba gudun gigabit (1000 Mbps) ya faɗo 100 ko 10, matsalar tana ramin LAN, inda ake soka kebul, ko wata daga cikin wayoyi takwas ɗin ta katse. Gigabit na buƙatar dukansu, 100 kuwa waya ta 1, 2, 3 da 6 kawai yake so. Abinda ke ƙonewa a ciki yawanci ƴan diyod ɗin kariya ne ko ƙaramar taransifoma da ke bayan ramin, mai gyara da ke da injin iska mai zafi zai iya canzawa. Ni dai a ganina, ƙaramin rediyon gidan kwastoma in har wutar ta kai ga babban cif ɗin, wahalar tafi ribar, cire sassan da ke da amfani ka ajiye. Na babban layi mai tsada shi ne ya cancanci a zauna masa.

Akwai kuma wanda manhajar cikinsa ce ta rikice saboda wuta ta ɗauke ana tsakiyar sabunta shi. Na Ubiquiti saika danne maɓallin reset kana jona wuta har fitilu su fara walƙiya bi da bi, sannan ka tura masa manhaja daga kwamfuta ta TFTP, wata hanyar tura fayil, a adireshin 192.168.1.20. Na kamfanin MikroTik kuma manhajarsu ta Netinstall ce maganinsa. Kuma dan Allah ka karanta jikin adafta kafin ka jona, LiteBeam 24V yake ci, ka bashi 48V irin wadda ke tura wuta kai tsaye bata tambayar na'ura, ka kashe shi da hannunka.

Maganar tsawa, ba sai ta faɗo kan ƙarfenka ba, tartsatsin da take jefawa cikin dogon kebul daga nesa ma ya isa. Yi amfani da kebul na waje mai rufin ƙarfe a ciki, kan kebul ɗin shima na ƙarfe, sa na'urar kariya ɗaya kusa da rediyo ɗaya a ƙofar shiga gini, duka a ɗaure su da sandar da aka kafa a ƙasa. Ka guji kebul ɗin alminiyon da aka shafa wa jan ƙarfe, yana cinye wuta a hanya, kuma kar tsawon ya wuce mita 100.

Tambaya: Tsakanin ƙarafuna biyu kilomita 5 ne, da ido ina hango ɗaya, amma gudun kamar hawainiya. Na ƙure ƙarfin rediyon ba canji.

Amsa: Hangowa da ido bai isa ba. Sigina baya tafiya siriri kamar zare, kumbura yake a tsakiya kamar ƙwai, abinda ake kira yankin Fresnel. A kilomita 5 kan 5.8 GHz, kumburin ya kai wajen mita 8 ƙasa da layin idonka a tsakiyar hanya, kuma ana so aƙalla kashi 60 cikin ɗari ya zama fili, wato wajen mita 5 ba bishiya ba rufin kwano. Shi yasa layin da ke tashi da kyau yau zai lalace in bishiya tayi ganye. Ɗaga eriya sama, ka saita ta a hankali kana kallon lambar ƙarfin sigina, wajen -60 zuwa -65 yayi. Ƙure ƙarfi kuwa ihu ne kawai, kana toshe kunnen sauran rediyonka da ke ƙarfe ɗaya. In wajen da cunkoso, rage faɗin tasha daga 40 ko 80 zuwa 20 MHz. Kuma in akwai kwastoma ɗaya mai raunin sigina kamar -78 a kan eriyar da ke raba wa jama'a, shi kaɗai zai cinye lokacin kowa yana ta maimaita saƙo, ko ka gyara masa saiti ko ka cire shi.

Tambaya: Ranka ya daɗe, wata rana sai kowa ya rasa intanet lokaci ɗaya, rediyo duk suna kunne, sai na kashe komai na kunna sannan ya dawo na ɗan lokaci.

Amsa: Ina kyautata zaton duk netwok ɗinka a haɗe yake ɗaki ɗaya ba katanga, rauta (na'urar da ke raba adireshi da hanya) guda a tushe sauran duk gada, miƙa saƙo kawai suke. Da kwastoma 10 babu damuwa, amma da an yawaita sai wani ya zare kebul ɗinka daga ramin WAN na rautar gidansa, inda intanet ke shigowa, ya soka a LAN, ramin na'urorin cikin gida, nan take rautarsa ta fara raba wa maƙwabta adireshin IP nata, ko wani ya soka kai biyun kebul ɗaya cikin suwic (akwatin haɗa kebul) ɗaya saƙo yayi ta zagaye har komai ya shaƙe. Ranar da ta sake faruwa kar ka kashe komai, duba adireshin da rediyon kwastoma ya samu, in ba daga naka bane ka bi lambar MAC, wato lambar shaidar na'urar da ta bada shi, har gidan mai laifi.

Gyaran na dindindin shi ne kowane ƙarfe ya samu rautarsa da rukunin adireshinsa, kwastoma ya shiga ta PPPoE da suna da kalmar sirri, ka kunna saitin da ke hana kwastomomi ganin juna, sannan hanyar da kake shiga na'urorinka ka ware ta a VLAN, wato keɓaɓɓen sashen netwok, daban. OSPF, tsarin da rauta ke zaɓar hanya da kanta, ka barshi sai ranar da ka samu hanya ta biyu tsakanin ƙarafan. Kafin ka taɓa ko ɗaya daga ciki, sauke kwafin saitin kowace na'ura a kwamfutarka, kuma ka fara da ƙarfen da yafi ƙarancin mutane, da daddare.