Ina son koyar da harshe a ƙasar waje, ta ina zan fara?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni malama ce a wata makarantar kuɗi a Agege, ina da digiri a Turanci, shekarata 6 ina koyarwa. Wani ejan ya ce zai nemo mini aikin koyar da Turanci a Asiya idan na biya shi. Akwai gaskiya a ciki?

Amsa: Wa alaikumus salam Malama. Ki riƙe kuɗinki tukuna. Aikin akwai shi, amma ƙofarsa ta fi yadda ejan ya nuna miki ƙunci. Koriya ta Kudu, alal misali, tana ba da bizar malaman Turanci ga 'yan wasu ƙasashe ne da ta ware, irin su Amurka, Birtaniya, Kanada, Ostareliya da Afirka ta Kudu, kuma Najeriya ba ta cikin jerin. Inda ake karɓar ɗan Najeriya ma za a nemi shaidar horo kamar CELTA ta Cambridge, kwas mai kimanin awa 120 wanda a cikinsa ake kallon mutum yana koyarwa a aji. Duk wanda ya ce ki shiga da bizar yawon buɗe ido, wai a can za a gyara, ki rabu da shi. Wannan bizar ba ta halatta aiki, in aka kama ki kuma ke za a kora, shi yana nan Legas.

Abin da nake so ki duba da kyau shi ne Hausar da ke bakinki. Masu Turanci sun yi yawa a kasuwar nan, masu iya koyar da Hausa kuwa ƙalilan ne. Ana koyar da ita a INALCO, cibiyar nazarin harsuna ta Paris, da jami'o'in Hamburg da Warsaw, da Jami'ar Harsunan Waje ta Beijin. Hanyar da ta fi dacewa da irinki ita ce shirin Fulbright FLTA na gwamnatin Amurka, wanda kan ɗauki matasan malamai daga Najeriya su koyar da Hausa ko Yarbanci a wata jami'a na shekarar karatu ɗaya. Ana neman digiri da sakamakon jarrabawar Turanci irin TOEFL, ofishin jakadancin Amurka ne ke sanarwa, kuma sharaɗi ne a dawo gida bayan an gama. Akwai kuma Technical Aid Corps da Najeriya ta kafa a 1987, mai tura malamai da wasu ma'aikata ƙasashen Afirka da Karibiyan da Fasifik na shekara 2.

To amma fa jin harshe daban, koyar da shi daban, kuma a nan na fi ganin mutanenmu suna tuntuɓe. Ɗalibi zai tambaye ki me ya sa ake cewa "sun tafi" amma "su ne suka tafi". Zai tambaya yaya gida ya zama gidaje, hula ta zama huluna, kare kuma karnuka. Za ki rubuta masa "gari" a allo, ya rasa na zama ne ko na tuwo, sai kin fahimtar da shi karin sauti da tsawon wasali, abubuwan da rubutunmu na yau da kullum bai nuna su ba. Ga ɓ da ɗ da ƙ da za su wahalar da harshensa makonni. "Haka muke faɗa" ba ta wadatar a irin wannan aji. Kuma da yake a Legas kike, ki saurari kanki: Hausar zango takan sake da bambancin "ya" da "ta", takan kuma ɗebo kalmomin Yarbanci da Burokan. Wannan ba aibi ba ne a hira, sai dai Daidaitacciyar Hausa, wadda aka gina kan karin Kano, ita jami'o'in can suke koyarwa.

Legas ta ba ki abin da na Kano bai samu da sauƙi ba, wato ɗalibai a ƙofar gida. 'Yan kasuwa Yarabawa da Ibo da ke sayen tumatir da albasa a Mile 12 suna son su iya ciniki da Hausa. Tara mutum 4 ko 5 duk Asabar, ki tsara darasi, ki rubuta inda suka kasa ganewa da dabarar da ta yi aiki. Wata 6 na wannan zai ba ki abin faɗa a takardar neman aiki da kuma ranar ganawa.

Kafin nan ki haɗa takardu: fasfo, rajistar TRCN (hukumar rajistar malamai ta Najeriya), da shaidar rashin laifi ta 'yan sanda, wadda a Legas ake yi a Alagbon, Ikoyi. Shaidar digiri kuma takan bi ta Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya da ta Harkokin Waje a Abuja don tantancewa. Idan an turo kwantiragi, ki karanta wa zai biya masauki, inshorar lafiya da tikitin dawowa, ki kwatanta albashin da kuɗin haya na garin, ba da naira ba. Ki rubuta wa makarantar kai tsaye ta adireshin da ke shafinta na intanet ki tabbatar sun san da zancen, kuma kada ki yarda wani mai makaranta ya riƙe miki fasfo ko da na kwana ɗaya ne.