Abba, kafin ka kunna wa Baba Ƙarami waya

Abba, saƙonka ya iso. Sai da na sa ƙanwarka ta sake kunna mini shi, don a karon farko dariya ta hana ni jin ƙarshensa. Ka ce kana so ka haɗa tarihin sojojin gidanmu, na marigayi Malam mai sunanka da ya je Bama, wato ƙasar Burma, a yaƙin duniya na biyu, da na ƙaninsa Baba Ƙarami da ya yi yaƙin basasa. Ka rubuta tambayoyi 40, ranar Asabar za ka je Hayin Banki ka zaunar da tsoho ka kunna masa waya. Kana tambayata ko al'ada ta yarda jika ya yi haka, da kuma ko za ka iya neman mabuɗin akwatin ƙarfen nan na ɗakin Hajiya. Tambaya arba'in, Abba! Ko ɓarawon akuya ba a yi masa haka a caji ofis. Da dariyar ta lafa kuma sai gabana ya faɗi, saboda tambaya ta bakwai da ka karanto mini: mutum nawa ka kashe?

Kana da abin da ban taɓa samu ba, kai jika ne. Jika ne ke shiga ya ce tsoho mai ran ƙarfe, yaushe za ka tafi in gaje matarka, a yi dariya a miƙa masa goro. Ni ɗan fari ne. Har Malam ya koma ga Allah bai kira sunana ba, sai dai ya ce "ina wannan yaron?" Ban taɓa hawa tabarma ɗaya da shi ba, to ta ina zan soma tambayarsa Bama? Abin da muka sani muna yara a Tudun Wada, da ido muka san shi. In ruwan dare ya sauko a kan kwano, Malam ba ya barci, yana zaure zaune da fitilar ƙwai har asuba. Duk 11 ga Nuwamba ya goge lambobinsa da toka da lemon tsami, ya tafi fareti, ya dawo da jan furen takarda a ƙirji, ya cire ya mayar cikin akwati. Wannan rana ce a da ake tunawa da mazan jiya, kafin a mayar da ita 15 ga Janairu. Na taɓa tambayar Inna me ke hana shi barci. Ta ce, "Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba, tashi ka ba ni wuri."

Sau ɗaya tak na ji bakinsa ya buɗe, kuma ba ni aka buɗe wa ba.

Daminar 1967 ce, ina shekara 16. Yaƙi ya ɓarke a watan Yuli, ana ta kiran tsofaffin soja su koma bakin aiki, da yawa kuwa sun koma. Wani dare bayan lisha mutum uku suka yi sallama, ruwa na tsiyaya daga malafunsu. Ɗaya mutumin Zuru ne mai bille, ɗaya ɗan Numan, na ukun wani dogon saje Bazabarme. Aka ce in kawo ruwan zafi da goro. Na kawo, na lafe a lungun zaure kusa da keken Malam, aka manta da ni. Da wata irin Hausa suke magana, Hausar bariki, wadda ba ruwanta da mace ko namiji, ana yi ana ƙyaƙyata dariya. Sun zo ne su tafi da shi, an ce wanda ya taɓa riƙe igiya biyu za a ba shi uku nan take.

Malam bai ce eh ba, bai ce a'a ba. Ya ɗaga murya ya ce wannan yaron ya ɗauko akwati. Ashe ya san ina nan.

Ranar na fara ganin cikinsa. Akwai ɗan littafin sallama da ya sha hannu, da lambobi huɗu, da adda, da takardar kuɗi ta rufi irin wadda Japan ta buga a Bama, da ɗan ƙyalle ruwan ɗorawa mai hoton baƙin gizo-gizo, sai wata laya a ɗinke cikin jar fata. Mutumin Zuru ya ga gizon ya ce su ai 'yan gammo ne. Daga baya na gane zancen: gizo tambarin runduna ta 81 ce, ta 82 kuwa masu biyu ne a gicciye bisa gammo. Ka riƙe wannan, zai yi maka amfani fiye da rabin tambayoyinka. 'Yan gizo su suka fara tashi daga Ikko a 1943, jirgin ruwa har Bombai, farkon 1944 suka faɗa kwarin kogin Kaladan. Sajen nan shi an ware bataliyarsu ne aka haɗa su da Chindit, waɗanda jirgin sama ya sauke a bayan sojojin Japan. Sunan nan da kake gani a barikin kurata na Zariya ke nan. Barikin Dalet da ke Kawo da na Kalapanzin da kuke wucewa kullum a adaidaita, duk sunayen wurare ne a Bama, amma wa ya taɓa tsayawa ya tambaya?

Suka daɗe suna tuna baya. Yadda suka sare hanyar mota cikin dajin gora da adda. Yadda kaya ke bisa kan mutane don mota ba ta shiga, abinci kuma daga sama jirgi ke jefo shi da laima. Yadda matsattsaku ke shiga takalmi, sai da wutar taba ko gishiri ake raba shi da jiki. Sai Malam ya ɗauki layar nan ya riƙe a tafinsa, zaure ya yi tsit, ba ka jin komai sai kwano.

Ya ce mai ita abokin kwanansa ne tun daga Zariya. Lokacin da suke ja da baya, ruwan farko ya soma sauka, harsashi ya same shi a ciki, bai kai tsakar dare ba. Aka ce da asuba za a tashi. Su biyar Musulmi suka haƙa rami da adda, ba likkafani, suka yanko ƙyallen laimar jirgi. Da aka zo sa shi sai gardama ta tashi ƙasa-ƙasa, don ba a ɗaga murya. Ka san mu nan in an ce gabas an ce alƙibla. To can Makka tana bayanka in ka dubi fitowar rana, tun a Indiya aka gaya musu salla mafaɗar rana ake fuskanta. Amma cikin dare, ga hadari, ga gora ta rufe sama, ina gabas ina yamma? Wani ya ce nan, wani ya ce can. Sai wani yaro Ibo mai riƙe da wayar iska, Kirista, wanda shi ke rubuta wa Malam wasiƙa zuwa gida, ya rarrafa ya aro kamfas wurin Baturensu, ya rufe tocila da hula, ya nuna musu yamma da yatsa. Malam ya ce da suka juya fuskar mamacin sai ya tuna gida ma ta can yake, Makka da ƙasar Hausa duk gefe ɗaya.

Aka sallame su a 1946. Kafin ya je garinmu sai da ya fara zuwa garin da aka rubuta a bayan sunan abokin nan, da layar da 'yan kuɗinsa. Ya yi kwana uku, daga gidan dagaci zuwa kasuwa zuwa masallacin Juma'a, ba wanda ya san shi. Haka soja yake a lokacin, Bature ya tambayi sunanka da garinku ya haɗa ya rubuta. Wanda ya gudo daga gida, ko don haraji, ko don auren da aka hana shi, sai ya faɗi sunan da ya ga dama da garin da ya zo bakinsa. Kuɗin Malam ya yi sadaka da su, layar ta zauna.

Ya mayar da ita, ya rufe akwati, ya ce da baƙin: "Na yi na Bature a ƙasar da ban san kowa ba, har yau ban samu barcina ba. Yaron da ya nuna mini alƙibla ban san ko yana cikin waɗanda za ku je ku tarar ba. Allah ya kiyaye hanya." Ba wanda ya ja da shi. Sajen ya raba goron huɗu, suka ci, suka fita cikin ruwa.

Abin da ban sani ba, ba ni kaɗai ke saurare ba. Baba Ƙarami, wanda shekara huɗu kawai ya ba ni, yana bayan asabari. Ni na ji kabari da laya, shi ya ji jirgin ruwa da Bombai da igiya uku. Da gari ya waye shimfiɗarsa ba kowa, ya bi motar Zariya. Ya faɗa runduna ta 2 ta Murtala, wadda aka haɗa cikin gaggawa da sababbin kurata, su ne suka yi ta ƙoƙarin tsallake kogin Kwara daga Asaba zuwa Onica a watan Oktoba, aka yi asarar rayuka mai yawa. Ka taɓa ganin ya shiga kwale-kwale, ko a nan kogin Kaduna? Inna ta ce labarin zuciya a tambayi fuska. Mutumin da za ka je wa da tambaya ta bakwai ke nan.

Ku yaran yanzu komai sai kun ɗauka kun watsa. Tsoho ya yi hawaye, kafin ya share an sa a Facebook da kiɗan tausayi a ƙarƙashi, mutanen da ba su san ƙofar gidansa ba suna ta rubuta "Allah sarki". In na ga fuskar Baba Ƙarami a can, ni da kai ne. Amma ban isa in yi maka faɗa da yawa ba. Malam ya rasu a 1988, ina da rikoda mai kaset biyu tun shekaru kafin nan, na cika kwali da waƙoƙi da wa'azi, muryarsa ko ta minti ɗaya babu. Kunya na kira abin a lokacin. Yanzu in ruwan dare ya sauko ni ma nakan farka, in rasa sunan da zan kira shi.

Saboda haka ka je, amma ka bar takardar a gida. Ka riƙa masa goro fari da ɗan turare, ka tsokane shi yadda ka saba, ka ce ka ji an ce shi a kicin ya yi yaƙinsa. Zai taso maka. Ka tambaye shi abincin bariki, da wanda ya koya masa fareti, da zancen fansho, wannan kam sai ka gaji. Kada ka ambaci kogi, kada ka ambaci Asaba, sai in shi ya kai kansa can, in kuma ya kai ya yi shiru, kai ma ka yi. Ka koma mako na gaba, da na gaba. Wayar sai ka nemi izini, ranar da ya ce to.

Na Malam kuwa, lamba za ka bi, ba suna ba. Tana cikin littafin sallama, tana farawa da NA. Da ita za ka je gidan adana takardun tarihi na ƙasa da ke titin Yakubu Gowon, ka leƙa Gidan Arewa, ka nemi tsofaffin Gaskiya Ta Fi Kwabo, jaridar da ta fara fitowa daga Zariya a 1939, ita ake karanta wa mutane labarin yaƙin Hitila. Can Bama kusa da Rangun kuma akwai maƙabartar Taukkyan, inda aka sassaƙa sunayen soja kusan 27,000 da ba a san kabarinsu ba, har da namu, sunayen suna intanet. Wataƙila mai layar yana ciki, da sunan da ba uwarsa ta san shi da shi ba.

Maganar mabuɗi ita ce mai wuya. Yana ɗaure a bakin zanen Hajiya, tun sadakar arba'in ba a buɗe akwatin nan ba, kuma ba a aika wa tsohuwa irin wannan saƙo ta waya. Ka zo ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci mu ci tuwo, sannan mu shiga mu gaishe ta tare, in ga yanayinta tukuna. Ka taho da tambayoyin nan arba'in, har yanzu ina da jan birona na koyarwa.