Tambaya da Amsa: Kuɗin wuta na neman cinye ribar otel ɗina

TAMBAYA: Assalamu alaikum Injiniya. Ina da ƙaramin otel a Kano, kuma wallahi tsakanin bil ɗin wuta da man gas na janareta kusan babu abin da ke saura. An ce in sa sola, wasu kuma sun ce akwai na'urar da ke lura da wutar otel gaba ɗaya ta kwamfuta. Wanne zan fara? — Mai karatu daga Kano

AMSA: Wa alaikumus salam Alhaji. Ba kai kaɗai ba ne, tun da hukumar kula da harkar wutar lantarki ta ƙasa, NERC, ta ɗaga kuɗin 'yan Band A, wato rukunin da ake bai wa wuta awanni mafi yawa a rana, zuwa naira 225 kowane yunit a watan Afrilun 2024 masu otel ke wannan kukan, ragin da aka yi daga baya kuma bai taka kara ya karya ba.

Ni dai shawarata kar ka fara da sola. Fara gano inda wutar ke zurarewa, kuma yawanci esi ne, baƙo ya fita tun safe ya bar shi a kan digiri 16 yana ta aiki har magariba ba kowa a ɗakin. Yi lissafi da kanka: esi mai doki ɗaya da rabi yana shan wajen yunit 1 a awa, ɗaki 10 awa 8 yunit 80 ke nan, a naira 200 ma ka ga dubu 16 a rana ta tafi a banza.

Maganinsa ɗan akwatin nan na bakin ƙofa da ake zura katin ɗaki, in an zare katin wuta ta ɗauke. Amma don Allah ka sayi wanda ke karanta katin otel ɗin kawai, domin mai arahar ko katin ATM ko kwalin da aka ninke aka cusa masa zai kawo wuta, baƙi kuma sun daɗe da gano wannan. Ka ce wa mai wayarin ya ware layin firij kar ruwan baƙo ya huce.

Sai janareta. In baƙi kaɗan ne a tara su a hawa ɗaya a tada ƙaramin inji, don babban inji da ke ɗauke da kaya ƙasa da kashi 30 cikin 100 na ƙarfinsa mai yake sha a banza, har ka ga baƙin maiƙo yana tsiyaya ta salansa.

Ita waccan na'urar ta kwamfuta gaskiya ce, tana nuna abin da kowane sashe ke sha har ta rage esi da kanta, amma ta fi dacewa da manyan otel-otel. Kai ka sa ƙaramar mita a kicin, ɗakin wanki da kowane hawa, wani yaro ya riƙa rubuta lambar mitar a littafi safe da yamma na wata guda. Wannan littafin za ka miƙa wa mai sola ya auna maka batir da inbata daidai buƙatarka.