Muryar Mai Shagon Caji Kan Maganar Fim Ɗin Jini

Assalamu alaikum jama'ar gida. Ku yi haƙuri, murya zan yi, yatsuna sun yi wa madannan wayar nan girma. Ƙanena, kai da ka ajiye tambaya tun bayan Azahar, na saurari duk amsoshin da aka ba ka, kuma wallahi ba wanda ya sosa maka inda yake maka ƙaiƙayi. Ka ce jiya kun zauna kallon fim ɗin Turawa a waya, irin na matattun nan masu tashi suna cin naman mutane, kai zuciyarka ta tashi har ka kasa ƙarasa tuwo, maiɗakinka ta rufe fuska da mayafi, shi kuwa yaronka ɗan shekara 12 yana ta ƙyaƙyata dariya yana cewa a mayar baya. Ka ce me ke kawo haka. Wani ya ce rashin imani ne, wani ya ce kai ne mai raki. To ni na san ba wannan kake tambaya ba. Abin da ke cin ka shi ne, anya yaron nan bai lalace ba? Shi ke nan fa. Nauyin faɗa kawai ka ji.

Ni dai kun san shekara 9 na yi ina riƙe da gidan kallo a garin nan, daga 2003 zuwa 2012, tun ana saka kaset har aka koma faifai, tun kuɗin shiga yana naira 10. Kuma mai gidan kallo ba fim yake kallo ba, ya riga ya kalle shi har ya haddace. Mutane yake kallo. Ina zaune bakin ƙofa gefen talabijin, hasken yana dukan fuskokinku ɗaya bayan ɗaya. Na san wanda ke runtse ido, na san wanda ke fakewa da zuwa fitsari. Wasunku na cikin guruf ɗin nan, yanzu har da gemu, ku kwantar da hankalinku ba zan tona ba.

Akwai wani mahauci, ba zan kama suna ba, mai zuwa Gujungu duk Lahadi ya sayo awaki. Mutumin da kafin hantsi ya yanka dabba biyar, ya feɗe, hannunsa cikin tumbi har gwiwar hannu. In aka saka fim ɗin yaƙi ana sare kawuna, shi gyara ma yake yi musu. Sai ka ji ya ce, kai, ƙarya ce, jini ba haka yake fita ba, jijiyar wuya in an yanke ta tsartuwa take yi tana bin bugun zuciya, kuma jini in ya sha iska duhu yake yi ya daskare, wannan nasu kamar zoɓo. Yana faɗa yana ɓare gyaɗa. To ran nan na saka wani fim, ba ma na tsoro ba ne, sai aka zo wani wuri, an ɗaure mutum a kujera, bos ya ɗauko allura yana matso da ita saitin idonsa a hankali, a hankali. Ko ɗigon jini babu fa. Sai na ga mutumina ya miƙe, gyaɗa ta zube. Ya nufo ƙofa yana laluben bango, kafin in ce lafiya, ya zubo a kaina gaba ɗaya. Jikinsa sanyi ƙalau, zufa ta jiƙa masa riga sharkaf. Muka ja shi waje, aka sheƙa masa ruwan buta. Da ya farfaɗo abin da ya fara cewa, wai bai ci abincin dare ba. Muka ce haka ne, Sarkin Fawa, yunwa ce. Ai wanzami ba ya son jarfa. Sai bayan shekaru ya gaya min da bakinsa cewa yana ƙarami ƙaiƙayi ya shige masa ido wajen sussuka, maza uku suka danne shi aka cire. Tun daga nan ko kwalli bai yarda a matso masa da shi ba.

Af, maganar ruwan buta ma, daga baya jami'in lafiyar da ke asibitin sha-ka-tafi ya ce min ba haka ake yi ba. Ya ce abin da ke faruwa, bugun zuciya ne ke raguwa farat ɗaya, ƙarfin gudun jini ya yi ƙasa, ƙwaƙwalwa ta kasa samun isasshe, sai jiri, sai duhu, sai faɗuwa. Kwantar da mutum ake yi a ɗaga masa ƙafafu, kar a yi saurin zaunar da shi. Ya ce har masu koyon aikin likita akwai waɗanda ke faɗuwa ranar farko da suka shiga ɗakin tiyata. To ka ce musu matsorata? Jiki ne, ba ya shawara da kai.

Ga gwaggona kuma, ungozoma, rabin guruf ɗin nan ita ta yanke musu cibiya. Jini a wajenta kamar ruwan wanke-wanke ne. Jikokinta za su saka fim ɗin Indiya na fassara, jarumi ya doki mutum ya huda bango, jini ko'ina, tana kaɗinta ko ɗago kai ba ta yi. Amma a saka fim ɗin Hausa, kishiyar uwa ta mari maraya ta hana shi abinci, wallahi sai ta ajiye mazari ta kama kuka tana yi wa 'yar wasan Allah ya isa. Mari ɗaya fa. Ita a hannun kishiyar uwa ta tashi, ka gane. To ina yawan jini ya shigo a nan? Kowa akwai inda abin yake taɓa shi, kuma ba wuri ɗaya ba ne. Kai cin nama ne ya tayar maka da zuciya, ga tuwo da miya a gabanka, yo wa ma ya ce ka kalli wannan kana cin abinci?

Shi kuwa yaronka, abu na farko, ya fi ka sanin ƙarya ce. Yaran yanzu a TikTok suke ganin yadda ake haɗa abin. Jinin nan ruwan sikari ne mai kauri aka zuba masa jar kala irin ta abinci. A zamanin fim baƙi da fari ma Turawa ruwan cakulan suke zubawa, tunda ba a ganin launi. Ƙarar karyewar ƙashi da kake ji tsigar jikinka na tashi, wani ne a ɗaki yake karya kayan lambu a gaban makirfo, ƙarar caka wuƙa kuwa kankana ce ko kabeji. Na biyu, yaron da ya tashi yana riƙe ƙafar rago ranar Layya, yana rigima a ba shi mafitsara ya hura, jan abu ba zai firgita shi ba. Na uku, dariya ba kullum take nufin daɗi ba. Na sha ganin yara a benci na gaba suna ihu suna tafi, an tashi kuma ba mai iya tafiya gida shi kaɗai, sai na bi su da tocila har ƙofa. Wanda ya fi kowa dariya shi ke riƙe min riga.

Amma tsaya, kar gobe a ce mai shagon caji ya ce a sakar wa yara komai. Ban ce ba. Yara suna kwaikwayo, wannan ba musu. Duk satin da na saka fim ɗin Chanis, washegari garin nan kowane yaro ƙafa yake ɗagawa, har wani ya diro daga katanga ya karya hannu, sai da aka kai shi wajen mai ɗori. Ku da kuka yi karatu a Kwalejin Ilimi ta Gumel ai kun san labarin Baturen nan Albert Bandura, da ya yi gwaji a 1961 a Jami'ar Stanford, ya sa yara suka kalli babba yana jibgar 'yar tsana, da aka bar su da ita su ma suka hau jibga. Wani malaminmu na firamare ne ya ba ni labarin a shago, na ce masa malam, da ni aka tambaya da ba a sha wahalar gwaji ba. Sai dai kwaikwayon duka daban, ƙeƙashewar zuciya daban, kar a haɗa.

Wannan haɗawar ce ma aka yi min a 2007, kuma har gobe abin yana raina. Wani bawan Allah ya kai ƙarata wajen mai gari, wai gidan kallona ne ke koya wa yara daba. Aka rufe min wuri sati biyu, ana tsakiyar kaka, lokacin da kuɗi ke hannun mutane. To shi wannan mai ƙarar, in an zo dambe bayan girbi, shi ne a sahun gaba. Da idona na ga an kai wani ɗan dambe ƙasa, baki ya fashe, haƙori a ƙasa, jini na gaske ba na sikari ba, mutumin nan ya yi tsalle ya cire hularsa yana liƙa wa makaɗi kuɗi. Wannan al'ada ce, nawa kuwa lalata tarbiyya. Kuma wallahi tallahi, bayan Isha'i ta ƙofar baya yake shigowa kallon kokawar Turawa, ko sisi bai taɓa biya ba, wai ya zo duba abin da ake nuna wa yara. Duba kullum? Har da cewa in ƙara murya? Kuma a cikin sati biyun nan aka zo aka ari bencina huɗu za a yi ɗaurin aure a gidansu, tunda ai wuri a rufe yake. Huɗu. Katakon maɗaci ne fa, ba irin na yanzu da ke lanƙwashewa ba. Biyu suka dawo, ɗaya ba ƙafa. Na yi magana aka ce in yi haƙuri, maƙwabtaka. To na yi. Kai, bar wannan maganar ma, ina muka tsaya?

Yauwa, tacewa. Wani ya rubuta a sama cewa laifin hukuma ne. Ai Kano tana da Hukumar Tace Fina-finai tun 2001, kuma a 2021 har hana nuna garkuwa da mutane da shaye-shaye da ƙwacen waya ta yi a fina-finan Hausa. To wannan na 'yan Kannywood ne. Fim ɗin da aka sauko da shi daga intanet aka tura a memori, wa ya tace shi? Shi kansa wanda kuka kalla jiya, na ci amana in ba a rubuta 18 a farkonsa ba. Su da suka yi abinsu sun ce ba na yara ba ne, kai ka zaunar da ɗan shekara 12. Ba faɗa nake maka ba, mu masu tura wa mutane fim a memori ma muna da namu kason, na yarda.

Abin da ya sa na ce ba a gane zuciyar mutum da fim, akwai wani matashi mai zuwa shagona. Da, in ya miƙo memori cewa yake, Baba, sa min mai wuta, wanda motoci ke fashewa. To kun san abin da ya faru a Majiya, nan Taura, a watan Oktoban 2024, da tankar mai ta faɗi cikin dare ta kama da wuta, sama da mutum 150 suka rasu, Allah Ya jiƙansu da rahama. Yaron nan yana cikin waɗanda suka je taya haƙa kabari washegari. Bayan kamar wata biyu ya zo ya miƙo memori, ya yi shiru, can ya ce, Baba, duk wanda akwai wuta a ciki ka cire min. Ko ƙaurin babbakar kai da ƙafa ya ji a tukuba sai ya canza hanya. Mutum ɗaya ne fa, wayar ma ita ce. Wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma gudu yake.

Kuma tunda maganar ta zo, Admin, da kai nake. A daren gobarar Majiya da washegari, bidiyo nawa aka turo cikin guruf ɗin nan? Gawarwakin mutane, 'ya'yan wasu, mazan wasu. Waɗanda suka turo, wasunsu su ne yau ke rubuta wa ƙanena rashin imani saboda yaro ya yi wa sikari da kala dariya. Ni na goge ban buɗe ba, ni da na kalli sare kai ya fi a ƙirga. Har yau in an yi hatsari a hanyar Haɗeja sai wani ya turo. Don Allah a sa doka, wanda ya ƙara a cire shi.

To ƙanena, in yaron kake son ka sani, bar kallon bakinsa lokacin fim. Duba yadda yake yi da akuyar gidanku in ba ta da lafiya. Duba ko yana kama ƙadangare ko mage yana azabtarwa don nishaɗi, ko in ƙanwarsa ta faɗi ta fasa gwiwa dariya yake ko ɗaga ta yake. Ka tambayi mahaifiyarsa ko yana firgita cikin barci, ko ya koma fitsarin kwance, don ita za ta sani kafin kai. Ni yaron nan na san shi, ran nan shi ya ɗauko wa makahon nan na bakin masallaci sandarsa da ta faɗa kwata.

Gobe in ya taso daga makaranta ka turo min shi da memorin, in duba abin da ke ciki, in share na sharewa, ba sai ka biya ba. Bari in tashi, ga wani can tun ɗazu yana jiran wayarsa, kuma mai ya kusa ƙarewa a inji. Wassalamu alaikum.