Mugunya, ɗiwa, da marurun da ya nuna

Wata ɗaliba daga Zariya ta tambaya: "Malam, mugunya da ɗiwa abu ɗaya ne? Kuma me ya sa ake cewa maruru ya nuna, sai ka ce mangwaro?"

Malama, abu ɗaya ne, wato farin ruwa mai kauri da ke taruwa a miki ko ƙurji. Kunne yana jin "mugu" a cikin mugunya, ga shi kuwa yawancinta gawarwakin masu kare jiki ne.

Idan ƙaya ta soki mutum, ko ƙwayar cuta ta shiga gindin gashi, naman wurin yakan saki sinadarai irin su histamin. Ƙananan hanyoyin jini sai su buɗe, ruwa ya tsattsafo, gudun jini ya ragu. Ja da ɗumi da kumburi ke nan. A kowace mikrolita (kashi ɗaya cikin miliyan na lita) ta jinin babba akwai fararen ƙwayoyi masu kare jiki 4,000 zuwa 11,000, mafi yawansu nau'in da ake kira nutrofil. Sukan wuce ne kawai, amma yanzu bangon hanyar ya fito da ƙugiyoyi da ake kira selektin. Farar ƙwayar ta kama, ta saki, ta sake kamawa, tana mirginawa a hankali. Can sai wani saƙon ya tayar da nata ƙugiyoyin, integirin, ta manne kam kamar kaska, ta baje, ta kurɗa ta tsakanin bango, ta bi sawun cutar ta haɗiye ta. A nan farar ƙwayar take mutuwa, gawarwakin irinta su taru su zama mugunya.

Saboda haka "nuna" ta zauna daidai. Ɗanyen maruru tauri gare shi, babu abin da za a matso sai jini da azaba. Idan mugunya ta taru a tsakiya, ya yi laushi, ya yi baki, ya nuna. Tsumma mai ɗumi na minti 10 zuwa 15, sau uku ko huɗu a rana, yana taimaka masa. Kada a matse na kan hanci da leɓen sama, don cutar tana iya bin jijiyar jini ta shiga cikin kai.

Mannewar fararen ƙwayoyi a bangon hanyar jini kan ɓaci ta fuska biyu. Akwai jarirai ƙalilan da ake haifa ba su da integirin mai aiki: cibiyarsu takan haura wata guda ba ta faɗi ba, mikinsu ya ruɓe ba mugunya, alhali jininsu cike yake da fararen ƙwayoyi da suka kasa fita. A amosanin jini kuwa, wato sikila, mannewar ce take yin yawa. Fararen su liƙe, su riƙe jajayen da suka lanƙwashe, hanya ta toshe, ƙashi ya ɗauki ciwo. Zazzaɓi kuwa a jikin mai sikila ba a kwana da shi a gida.