Hukuncin sake yin aiki bayan ciwon dajin ƙoda ya kai ga ƙashi

Tambaya: Malam, daga Tawa nake. Shekara biyu ke nan da aka cire wa mahaifiyata ƙoda ɗaya a Yamai saboda ciwon daji. Yanzu ya ɓullo a ƙashin cinyarta. Likitoci sun ce a sa ƙarfe tun ƙashin bai karye ba, amma akwai haɗarin zubar jini, kuma aikin ba zai raba ta da cutar ba. Ba mu gaya mata ciwon ya dawo ba. Kawuna ya ce jefa rai ga halaka ne, in na sa hannu ta rasu alhakinta yana wuyana. In sa ko in bari?

Amsa: Allah ya ba Inna lafiya, ya saka maka da alheri kan ɗawainiyar da kake yi.

Ɗana, abin da ya tsayar da ni shi ne faɗarka ba ku gaya mata ba. Muddin tana cikin hankalinta, izinin aikin nata ne, kai da kawunka shawara kawai gare ku. Haka Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi ta zartar a Jidda a 1992. Na san tausayi ne ya sa kuka ɓoye, amma mai yiwuwa tana da bashi ko wasiyya ko gafarar da take son nema. A sami wanda take jin nauyinsa ya faɗa mata sannu a hankali, gwargwadon abin da zuciyarta za ta ɗauka.

Aikin kansa halal ne idan likita amintacce ya rinjayar da cewa za ta tashi. Ba sharaɗi ba ne ya warkar da cutar. Kare ta daga karaya da kwanciya wuri ɗaya manufa ce da shari'a ta yarda da ita. In ta ƙi, ba ta yi zunubi ba, domin ba a tabbatar aikin zai ceci rai ba.

Maganar kawunka kuwa, da girmamawa, ba daidai ba ce. Ayar Baƙara da yake nufi, mai hana jefa kai ga halaka, Abu Ayyubal Ansari ya bayyana cewa ta sauka ne a kansu, wato Ansar, lokacin da suka so su koma ga dukiyoyinsu su bar jihadi saboda Allah. Ko mun ɗauke ta a faɗinta, wane gefe ne babu halaka a nan? Dajin ƙoda cinye ƙashi yake yi, kuma ƙashin da ya ci in ya karye da wuya ya haɗe. Sai aikin da aka guje wa a natse ya zo da gaggawa, ga hanyar Tawa zuwa Yamai fiye da kilomita 500. Malamai irin su Izzuddin ɗan Abdussalam sun halatta yanke hannun da ya ruɓe don tsare rai idan tsira ce ta fi rinjaye, kuma an yanke ƙafar Urwatu ɗan Zubair a Dimashƙa, yana cikin manyan malaman Madina. Wanda ya nemi magani wurin masana da izinin mara lafiya, in ajali ya zo, babu alhaki a kansa. Kawu ya daina ɗora maka wannan nauyi.

Haɗarin dai na gaske ne, domin wannan ƙari yana tara jijiyoyin jini. Ka tambayi likitocin: a ƙashi ɗaya yake ko ya bazu? Za a iya toshe jijiyoyin kafin aikin? Jini leda nawa za ku tanada? Ko gasa wurin da hasken na'ura, wanda aka fara a cibiyar yaƙi da ciwon daji ta Yamai a 2021, zai isa? In suka ce mutuwa a kan gadon aiki ta fi kusa, to a bari, a koma ga rage mata zafi. Ƙarin jini da allurar kashe zafi mai ƙarfi duk halal ne.

Kada ku kai ta wurin mai ɗori ya murɗa wannan ƙafa. Ƙoda ɗaya ta rage mata, ku raba ta da jiƙe-jiƙe da ƙwayoyin ciwon jiki na 'yan tebur. Ta yi salla a zaune ko a kishingiɗe, azumi kuma sai da yardar likita. Ka kuma raba kuɗin da 'yan'uwanka tun yanzu, kada ka sayar da gonar da iyalinka ke ci ka yi shiru. Ku yi istihara, ita ma ta yi.

Wallahu a'alam.