Amsa: Quake yana tashi a Pandora amma babu kiɗa

Tambayarka ita ce me ya sa wasan kwamfuta na Quake yake gudana a Pandora ɗinka (ƙaramar na'urar wasa ta hannu mai aiki da Linux), kana jin ƙarar bindiga da ta dodanni, amma kiɗan wasan ya ɓace. Na'urarka lafiya take. Lokacin da kamfanin id Software ya fitar da wasan a 1996, bai sa kiɗan cikin fayilolin pak masu ɗauke da kayan wasan ba, a kan faifan CD ya ajiye shi, daga waƙa ta 2 zuwa ta 11, domin ta 1 bayanan wasan ce. Ka kwafo waɗannan guda goma a tsarin sauti na ogg, ka raɗa musu suna daga track02.ogg har track11.ogg, sannan ka zuba su cikin babban fayil mai suna music a ƙarƙashin id1, wato inda fayilolin pak suke.

Sharaɗin shi ne injin wasanka ya kasance mai karanta kiɗa daga fayil, kamar QuakeSpasm. Ka kuma kula da haruffa, domin Linux yana bambanta manya da ƙanana. Na taɓa kwana biyu ina neman matsala, ashe babban T ɗaya a farkon sunan fayil ne ya hana kiɗan fitowa.